Kiri-kirin tsakar gida da maganin ciyawa: kurakuran da na gaji da gani

A daminar bana kaɗai gida uku aka kira ni a nan Zariya in je in duba filin ciyawa, ɗaya a Hanwa, ɗaya a Palladan, ɗaya a Tudun Wada. Duk abu ɗaya na tarar: fili ya yi faci-faci kamar kan yaro mai ƙora, maigida yana tsaye yana cewa ai magani ne na jabu. Na karɓi robar na duba, magani lafiyarsa ƙalau. Aikin da aka yi shi dominsa ya yi.

Ciyawar nan da Turawa ke kira Bermuda, wadda muke shimfiɗawa a tsakar gida don ado, ita ce dai kiri-kirin da muka sani, wasu su ce tsarkiyar zomo. A wurin manomi abokiyar gaba ce, yana noma tana bin sa. Kuma kusan duk maganin ciyawar da ke shagunan Sabon Gari da Samaru don manomi aka kawo shi. To in ka shiga shago ka ce "a ba ni maganin ciyawa" ka yi shiru, me kake tsammani za a miƙo maka? Abin da zai kashe kiri-kiri.

Ni ma ta nan na fara, don haka ba daga sama nake magana ba.

Wata shekara cikin Janairu, hunturu ya busa, filina ya yi ja ya bushe, sai wasu ciyayi kore shar suka tsaya a tsakiyarsa suna yi mini gwalo. Na taɓa jin cewa a jihohin kudancin ƙasar Amurka, idan sanyi ya sa Bermuda ta yi barci, masu gida kan fesa glyphosate, maganin share gona, a kanta, ya kashe baƙin ciyayi ya bar ta. Gaskiya ne, suna yi. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, a can sanyi mai daskarar da raɓa ne ke kwantar da ita gaba ɗaya. Namu na Zariya, duk da yakan sa mutum ya nemi bargo biyu, bai kai nan ba. Rashin ruwa ne ke busar da saman ciyawar, kuma ni ina ɗan yayyafa mata ruwa sau ɗaya a mako. Da na durƙusa na buɗa busasshen ganyen da yatsa, da na ga kore a ƙasa. Ban durƙusa ba. Na cika tanki na bi fili kusurwa zuwa kusurwa, ina jin kaina gwani. Baba maigadi ya ce mini, "Alhaji, anya wannan ba na share gona ba ne?" Na ce masa, "Baba, bar ni, na san abin da nake yi."

Glyphosate ba ya nuna kansa nan take. Ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, sai an yi mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinsa, kuma a busasshen fili ba abin da za ka lura da shi. Sai da ruwan farko ya sauka a Mayu, filin maƙwabcina ya farfaɗo, nawa ya tashi rabi da rabi. Kiri-kiri tana da taurin rai, wani wurin ta sake tsirowa daga saiwar da ke ƙarƙashin ƙasa, amma inda ta mutu ƙasa ta zauna tsirara, tuji da harƙiya suka zo suka kafa gari. Daminar nan gaba ɗaya a dashe ta ƙare, ina biyan yara suna haƙo kiri-kiri daga bakin hanya muna cike gurbi. Na kashe kiri-kirina ƙiri-ƙiri, garin gyaran gira na rasa ido. Har yau in na ɗauko tanki uwargida sai ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, wane za a kashe yau?"

Tun daga ranar glyphosate ba ya shiga tankin da nake bin fili da shi. In tofa ta kutso, nakan dama kaɗan a gwangwani, in sa safar roba, in shafa wa ganyenta ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin burushin fenti. Aiki ne na haƙuri, kuma wasu za su ce ɓata lokaci ne. Su je su fesa.

Sunan da ke rubuce da manyan haruffa a gaban roba ba shi ne abin dubawa ba, kamfanoni da yawa na sayar da sinadari ɗaya da sunaye daban-daban. Ka nemi ƙananan haruffan da ke faɗin sinadarin da ke ciki. In ka ga glyphosate, ajiye. In ka ga fluazifop, wanda masu waken suya da gyaɗa ke amfani da shi, ajiye da sauri, don shi dangin ciyawa mai siririn ganye kawai yake nema, kiri-kiri kuwa a cikinsu take. Paraquat kuma kada ma ya kwana a gidan da ke da yara: ba shi da makari in an sha, NAFDAC ta riga ta sanar da hana shi, kuma saman ciyawa kawai yake ƙonewa.

Kuskure na biyu, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi: awo da gwangwanin madara. Wa ya koya mana wannan? "Gwangwani ɗaya a tanki." Tankin lita 15 ne, ko 16, ko 20? Mai feshin sauri yake tafiya ko jan ƙafa yake? Babu mai tambaya. Sai mutum ya ƙara rabin gwangwani "don ya ji jiki", kamar yana zuba sukari a koko. Haba jama'a! Filin da bai fi tsakar masallacin unguwa ba, ka zuba masa abin da zai ishi kusurwar gona, sannan ka zo kana cewa an cuce ka?

Lissafin ba wuya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In takardar jikin robar ta ce lita 2 a hekta, to filin da ke da mita 10 tsawo da mita 10 faɗi mililita 20 kacal yake bukata. Mililita 20, wajen cokali huɗu na shayi. Ni sirinji nake amfani da shi, na ware shi don wannan aikin kaɗai. Kafin in zuba magani, nakan cika tanki da ruwa zalla in fesa filin da irin tafiyar da na saba, in ga lita nawa ya ci. Wannan adadin ruwan nake dama maganin a ciki. Kuma sau ɗaya ake bi. Komawa kan inda aka riga aka fesa don "ban tabbata ya jiƙa ba" ninka magani ne, shi ke barin layi-layi rawaya a fili. Ko maganin da kiri-kiri ke jurewa, in ya yi yawa sai ta yi rawaya ta tsaya da girma.

Maganin da ya fi yi mini aiki shi ne 2,4-D amine, kuma a nan ma sai ka san abokin faɗanka. Masu faɗin ganye yake kamawa: tsidau, kashin yawo, tafasa, namijin zaki-banza, muddin suna ƙanana. In sun tsufa sun yi iri, ka makara, ka ɗauko fartanya. Amma duk mai faɗin ganye a wurinsa ɗaya ne, bai san tumatir ba, bai san kuɓewa ko yakuwa ko furen da Hajiya ta dasa a bakin katanga ba. Iska kaɗan ta isa ta kai shi. Wani ƙanena ya ari tankina bayan na fesa 2,4-D, ya ɗauraye sau ɗaya ya zuba maganin ƙwari ya bi tumatirinsa. Bayan kwanaki ganyen ya murɗe ya kanannaɗe, ya zo yana cewa, "Yaya, wata sabuwar cuta ta shigo." Ban iya kallon idonsa ba. Yanzu tanki biyu gare ni, na ciyawa na shafa masa jan fenti, kuma ba na ba da aronsa ko ga wa.

Aya-aya ita ce ke sa mutane su haukace su yi ta ƙara magani. Ana ɗaukarta ciyawa ce kamar sauran, alhali danginta daban. Ka murza karanta tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa uku gare shi. Ƙarfinta yana ƙarƙashin ƙasa, 'ya'ya ne a jere kamar carbi, ka fizge saman su sake turo wani. 2,4-D na iya ƙona mata ganye, amma ba ya gamawa da carbin. Wanda aka sani da kama ta ba tare da cutar da kiri-kiri ba shi ne halosulfuron, shi ma sai an maimaita bayan wasu makonni. In ba ta yi yawa ba, ni na fi son in jira washegarin ruwan sama, ƙasa ta yi laushi, in bi ta da tsohuwar wuƙa in zaro har 'ya'yan. Ka kuma duba inda ta fi yawa, sau da yawa wurin da ruwa ke kwanciya ne ko bakin famfo mai ɗiga. Gyara nan tukuna.

Tuji, harƙiya da guɗe-guɗe kuwa 'yan uwan kiri-kiri ne, da wuya ka samu a shagunanmu abin da zai kashe su ya bar ta bayan sun fito. Tararsu ake yi tun suna iri. Pendimethalin na wannan aikin, amma mutane sai su jira har ciyawa ta kai gwiwa a Yuli sannan su fesa shi, su ce ba ya aiki. Ba ya taɓa abin da ya riga ya girma. Ni nakan fesa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, gab da damina ta kankama, in ruwa bai sauka ba cikin 'yan kwanaki in ba fili ruwa da kaina don ya shiga ƙasa. Kada a sa shi a sabon dashe, yana hana rassan kiri-kiri kafa saiwa. Yana kuma rina tayil da tufafi rawaya, farar shaddata ɗaya ta tafi a haka.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Kada a fesa da tsakar ranar Maris ko Afrilu, zafin na sa magani ya ƙona ciyawar. Da safe bayan raɓa ta bushe, iska ba ta tashi ba, ya fi. A watan Agusta ka dubi gabas kafin ka dama, in hadari ya haɗu ka haƙura, ruwa zai wanke kuɗinka. Ruwan kududdufi mai laka yana rage ƙarfin wasu magungunan, musamman glyphosate. Kada a yi wa fili aski kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa, ta ganye magani ke shiga. Sabon dashe a bar shi sai an yanke shi kamar sau uku. Feshi da silifas da singileti ganganci ne. Robar da ta ƙare a ɗauraye sau uku a zuba ruwan a tanki, a huda ta, don kada wani ya tsince ta ya zuba manja.

Sai maganar rago. Gidaje da yawa ciyawar da aka yanke ragon layya ake zuba wa, ko yaran maƙwabta su kwashe wa zomayensu. In ka yi feshi, ka faɗa wa duk mutanen gidan da bakinka, ka karanta abin da takardar ta ce game da kiwo. Ni yanka biyu na farko bayan feshi binne su nake yi, kuma ba na zuba su a gindin kayan lambu.

Akwai wani gefe na filina a ƙarƙashin mangwaro da na shekara uku ina fesa wa magani, ciyayi na mutuwa wasu na fitowa. Kiri-kiri rana take so, a inuwa sai ta yi sirara ta bar ƙofa a buɗe. Inda rana ke duka, da nake yanke ta a kai a kai in bar tsawon kamar santimita 4, in watsa ɗan takin zamani in damina ta zauna, ita da kanta take shaƙe yawancin baƙin, ban cika ɗauko tanki ba. Gindin mangwaron dai a ƙarshe na haƙura, na zuba tsakuwa na ajiye benci, a nan Baba maigadi ke shan shayinsa yanzu.