Yadda ake kawo wutar injinan iska daga tsakiyar teku zuwa tudu

A Tekun Arewa, da ke tsakanin Birtaniya da arewacin Turai, tun kafin a kafa injin iska ko ɗaya, nisan wurin da gaɓa ake fara aunawa, domin shi ke nuna irin wayar da za a shimfiɗa.

Kowane inji yana da taransfomarsa mai ɗaga ƙarfin wuta zuwa kilobolt 33, wato bolt dubu 33, ko 66 a sababbin ayyuka. Sai a jera injinan a kan waya layi-layi, a kai su tashar da aka kafa a kan turakun ƙarfe cikin ruwa. Can ake ƙara ɗaga wutar zuwa kamar kilobolt 220.

Daga nan wuyar aikin take. Wutar AC ce, wato mai juyawa gaba da baya, kuma wayar AC da ke kwance ƙarƙashin ruwa halin kafasita gare ta, wato na'urar da ke tara wuta ta sake ta: tana cika kanta tana juyewa a kowane juyin wuta, kuma iya tsawonta iya abin da take ci. In ta doshi kilomita 100, wutar da ke isa tudu ta ragu ƙwarai. Mafita biyu ce. Tashar injinan iska ta Hornsea One, mai nisan kusan kilomita 120 daga gaɓar Ingila, ta tsaya kan AC amma an dasa mata tashar daidaita wuta a tsakiyar hanya. Ta Dogger Bank kuwa DC aka zaɓar mata, wato wutar da ke tafiya ta fuska ɗaya, wadda ba ta da wannan matsalar: a juya wutar a teku, a mayar da ita AC a tudu. Tashoshin juyin akwai tsada, sai tafiya mai nisa ke mayar da kuɗinsu.

Wayar kanta binne ta ake yi, zurfin mita 1 zuwa 3, da garmar ƙarƙashin ruwa ko da feshin ruwa mai ƙarfi. Inda ƙasa ta yi tauri, a lulluɓe ta da duwatsu. A bakin gaɓa ana huda rami a kwance, a zura bututu, a jawo wayar ta ciki.

Kada a raina wannan mataki, don yawancin asara daga waya take fitowa. Lanƙwasa ta fiye da ƙima wajen shimfiɗawa yana raunana rufinta, kuma ba lallai laifin ya bayyana nan take ba. Angar jirgi da komar masunta kan fizge ta. A gindin inji ma, igiyar ruwa kan riƙa goga ta da duwatsu har ta cinye.

Gyara kan ɗauki makonni ko watanni, saboda jiran jirgi da lafawar teku. Shi ya sa ake saka zaren gilashi a cikin wayar don lura da zafinta, a kuma ajiye rarar waya da mahaɗanta tun ranar sayayya.