Wasan neman ɓoyayyiyar kyauta da taurari

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ga wasan da na shirya wa yaran unguwarmu a Pantami, Gombe, kuma ina so ku gwada.

Ku sami fili, ku kafa fitila a tsakiya, ita ce rana. Daga nan a auna da ƙafa: taki 10 zuwa duniyarmu, 15 zuwa duniyar Mas, 52 zuwa duniyar Jufita, 95 zuwa duniyar Satan (Saturn). Haka tazararsu daga rana take idan an ƙanƙanta ta. A kowace tasha ku rataye gwangwani da kacici-kacici a ciki, amsarsa ce za ta kai su gaba. Wanda ya fi ɗaure musu kai shi ne: wace ce Zara da yamma, Gamzaki da asuba? Tauraruwa ɗaya ce, Binus. Da kun ga yadda wata 'yar aji huɗu ta daka tsalle da ta gano!

Ku yi shi a Nuwamba bayan isha'i, kafin hazo ya yi kauri, lokacin taurarin Kaza da 'Ya'yanta na gabas. Su za su nuna wajen kyautar.

Don Allah kada a ɓoye komai ƙarƙashin dutse, akwai kunama. Kowace ƙungiya ta tafi da babba da tocila.