Kafin ka saya wa yaro kan jirgin ƙasa na wasa: inda muka yi tuntuɓe a gidanmu

Bara, ana saura kwana uku ƙaramar Sallah, Yayana ya sauka daga Amurka da wani dogon kwali da ya ƙi yarda kowa ya ɗaukar masa. Da aka buɗe a falo sai ga kan jirgin ƙasa na wasa, samfurin masu shan man gas, tsawonsa ya haura santimita 70, tayoyi goma sha biyu, har da ɗan direba zaune a ciki. Tsarabar ɗansa ce mai shekara bakwai, wanda dama yana da layinsa da taragai biyu. Kafin a kira la'asar jirgin ya goce daga kan layi ya fi a ƙirga, taransifomarsa, wato ɗan akwatin da ke rage wutar soket ya ba layin, ta ƙone, yaron kuma ya koma wajen ƙwallonsa. Ni aka bar wa jinyar kayan.

Maƙwabcinmu da ya leƙo ya tambaya ta ina ake zuba masa gas. Ba a zubawa. Siffar ce kawai ta dizal, abin da ke cikinsa ƙaramin injin lantarki ne, yana jan wuta daga ƙarfen layin ko daga batir.

Babban kuskuren shi ne ido ya zaɓa, ba a auna ba. Manyan jiragen wasa da ake kira sikelin G, waɗanda kamfanin LGB na Jamus ya fito da su a 1968, duk a kan layi mai faɗin milimita 45 suke tafiya. Mutum sai ya ɗauka tunda faɗin ɗaya ne, kowane kai zai bi kowane layi. A miƙaƙƙiyar hanya haka ne. A kwana ake rabuwa. Layin da ke zuwa cikin kwalin masu farawa shi ne mai matsattsiyar kwana, wanda ake rubuta wa R1: guda goma sha biyu ke haɗa da'ira, faɗinta kamar mita 1.2. Ƙaramin kai mai taya huɗu yana shan wannan kwana kamar adaidaita sahu a lungun Fagge. Dogo irin na Yaya kuwa tirela ce, yana son da'irar da ta kusa mita biyu da rabi, wani ma fiye. Na kwanta rub da ciki a kan tayil ina kallon yadda abin ke faruwa: yana shiga kwana sai gindinsa ya wurga waje, ya fizgi taragon farko, tayar gaba ta ɗaga kamar faɗin farce, shi ke nan sai ƙasa. Sau uku ina gyara zaman layin ina zaton karkata ya yi, ashe ba laifinsa ba ne.

Maganin bai wuce tef ɗin tela ba. Ka auna wurin da layin zai zauna, falo ne ko tsakar gida, ka cire hanyar da mutane za su wuce, sannan ka duba mafi ƙarancin kwanar da aka rubuta a jikin kwalin kan jirgin. In mai sayarwa ya ce “zai yi, in sha Allahu” bai nuna maka rubutun ba, ka ce ya ɗauko maka hoton gefen kwalin.

Harafin G ɗin ma da kansa yana ruɗa mutane, don ba girma ɗaya yake nufi ba. LGB galibi 1:22.5 ne, wato jirgin gaskiya ya ninka na wasan sau ashirin da biyu da rabi. Kamfanin USA Trains na yin 1:29, akwai masu 1:32, kamfanin Bachmann kuma na da 1:20.3. Dalilin yana nan a gida in ka duba: tsohon layin dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435. In ka ɗauki milimita 45 a matsayin tsohon layi, jirginka zai fito wajen 1:24. In sabon layi kake kwaikwayo, 1:32. Yaro ɗan bakwai bai damu da wannan lissafi ba, ni ma ban ga dalilin tayar da jijiyar wuya a kai ba. Abin da zai dame shi shi ne maƙalar da ke haɗa kai da tarago. Na Turai yawanci ƙugiya ce da zobe, na Amurka da yawa kamar dunƙulallen hannu suke, kuma ba sa kama juna. A tambaya tun kafin a biya, ko a sayo maƙala ta canji tare da shi. Wanda kuma ya ga HO a jikin kwali ya ajiye, wannan ƙarami ne, layinsa milimita 16.5, ba zai hau ba ko kusa.

Sai maganar wuta, wadda ta fi ci mana kuɗi. Kayan Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Yaya ya ga bakin fulogin bai shiga soket ba, ya aiki yaro ya sayo adafta a shagon bakin titi. Adafta baki kawai take canzawa, ba ta rage wuta. Muka ji “fat”, sai ƙaurin roba. Da na kai wa mai gyaran rediyo a Sabon Gari, shinshinawa kawai ya yi ya ce, “Alhaji, wannan sai dai haƙuri.” Karanta ɗan rubutun da ke bayan taransifoma: in 120 kaɗai ka gani, sai an sa mata mai rage wuta a tsakani. Ta Jamus ta yi daidai da wutarmu, ita ce adafta ke isar ta. Kowacce ce dai, a bi da ita ta sitabilaiza, a kuma zare ta in an ɗauke wuta, don kowa ya san da ƙarfin da take dawowa wani lokaci. Kada kuma a ce a ari ƙaramar taransifomar da ke zuwa cikin kwalin masu farawa. Wajen amfiya ɗaya take bayarwa, babban kai mai inji biyu da fitilu da hayaƙi ya fi ƙarfinta, za ta yi ta yankewa.

A ganina, ga mazaunin Kano, kai mai batir da rimot ya fi kwanciyar hankali. Ba ruwansa da ɗauke wuta, ba ruwansa da dattin layi. Kamfanin PIKO na yin wani ɗan ƙaramin dizal mai taya huɗu a wannan tsari. Amma a kula da akasin haka: layin roba, irin wanda ke zuwa da jiragen batir masu araha na kasuwa, ba ya ɗaukar wuta. Ka ɗora masa kai mai jan wuta daga layi, ko motsi ba zai yi ba.

Akwai kuma kuskuren da ba a son faɗa, wato uba ya saya wa kansa ya laƙaba wa ɗa. Da yawan waɗannan manyan kawuna an rubuta musu shekara 14 ko 15 zuwa sama, saboda siraran ƙarafan dafawa da ƙahon hon da tsani, masu karyewa da taɓawa ɗaya, ƙanin yaro kuma ya kai baki. Ɗan Yaya ya kasa ɗaga nasa da hannu biyu, balle ya daidaita tayoyi goma sha biyu a kan layi. Duk gocewa sai “Baffa, zo ka ɗora min.” Gwajin da nake ba mutane yanzu guda ɗaya ne: yaron zai iya ɗauka ya mayar kan layi shi kaɗai? Mai sauti kuma a tabbatar yana da wurin rage murya, in ba haka ba uwargida za ta yanke hukunci ba tare da shawara ba.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba. Ƙarfen layin galibi tagulla ne, yana dusashewa, ƙura ta hau, sai jirgi ya riƙa tafiya yana sarƙewa. Mutane kan ɗauko samfefa su kankare, wannan kuwa zane take bari, datti ya ƙara samun wurin zama. Tsumma mai tsabta ya isa, ko ɗan dutsen gogewa da ake sayarwa don layin. Baƙin mai da giris ɗin mota kada su kusanci haƙoran injin, na roba ne, wasu mayukan suna cin su. Ɗigo ɗaya na man da aka rubuta ya dace da roba, ba ƙari. A kan kafet ma ba a shimfiɗa layi kai tsaye, zare na naɗewa a gindin taya, gara a sa katako a ƙasa. In a tsakar gida ne, layin zai iya kwana a waje, amma kan jirgi da taransifoma a shigar da su ɗaki, musamman a zafin Afrilu da kuma damina.

Mai sayen na hannu ta intanet ya nemi bidiyon jirgin yana tafiya gaba da baya a hankali, don a tafiyar hawainiya ake gane injin da ya gaji. Ya kuma lissafa kuɗin dako da na kwastan tun farko, kayan suna da nauyi.

Dogon kan nan yanzu yana saman kabad a falon Yaya, an lulluɓe shi da leda, baƙi suna yabawa. Bayan Babbar Sallah muka samo ƙarami mai taya huɗu, ja, wanda bai fi tsawon takalmin babba ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na tarar yaron ya cika tarago da soyayyar gyaɗa, ya tara ragowar a gefen layi wai dala ce, kakarsa ta ba shi labarin yadda a da ake loda ta zuwa Ikko. Na zo zan tsallaka sai ya ɗaga min hannu: “Baffa, tsaya, an rufe get.”