Yadda ake tuƙa babur a je lafiya a dawo lafiya

Idan mai mota ya yi karo, ƙarfe ne ke fara amsa bugun, bel ya riƙe shi, jakar iska ta tare masa fuska. Mai babur kuwa jikinsa ne bodin. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, sun daɗe suna nuna cewa idan aka yi tafiya mai tsawo iri ɗaya, yiwuwar mai babur ya rasa ransa ta ninka ta wanda ke cikin mota fiye da sau 20. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma masu babur na da kaso mai tsoka a ciki.

Akwai wani tsohon bincike da nake yawan komawa gare shi. A 1981, Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da sakamakon bin diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Daga cikin abin da ya gano, yawancin mahayan ba su samu ko daƙiƙa biyu cikakku ba tsakanin hango matsala da karo. Daƙiƙa biyu ba ta isa mutum ya yi shawara da zuciyarsa ba. Abin da ka saka a jikinka, da gudun da kake kai, da abin da hannunka ya saba yi, su ne za su yi maka aiki a wannan lokacin. Don haka duk matakan da ke ƙasa shiri ne na tun kafin a kai ga daƙiƙa biyun nan.

Mataki na farko: hular kwano, kuma a ɗaure

Wata bita da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2008 ta tattara bincike da dama, ta nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Babu wani abu guda da mai babur zai saya ya kare shi kamar haka.

Sai dai ba kowace hula ce hula ba. Ta gaske tana da ɓawo mai tauri a waje da soso mai kauri a ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Duba bayanta ko jikin igiyarta ka ga tambarin inganci: ECE 22.05 ko 22.06 na Turai, DOT na Amurka, ko Snell. Ana buga tambarin jabu, saboda haka ka sa yatsa ka taɓa cikin. Idan ba ka ji soso mai tauri da kauri ba, sai yadi da roba shara-shara, ajiye ta. Hular magina ma ba ta babur ba ce. An yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don kan da zai daki kwalta yana gudu ba. Wadda ta rufe haɓa ta fi, domin mutum idan ya faɗi sau da yawa da fuska yake sauka.

Ga yadda ake gwada ta. Saka ta, ka ɗaure igiyar har yatsu biyu kawai ke iya shiga tsakaninta da haɓarka. Girgiza kai hagu da dama: ya kamata fatar kumatunka ta riƙa bin hular. Sannan ka kama ta ta ƙeya ka ja gaba da ƙarfi. In ta fita a hannunka, haka za ta fita ranar da kake buƙatarta. Hular da ba a ɗaure ba takan rabu da kai tun mutum yana sama, kafin ya taɓa ƙasa. Wadda kuma ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ta tsage ba, domin soson ba ya komawa yadda yake.

Mataki na biyu: rufe sauran jiki

Wanda zai faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, ko ya so ko bai so ba, don haka safar hannu mai kauri wajibi ce. Takalmi ya zama rufaffe da ya haura idon sawu. Silifas na zamewa a kan birki, kuma ba ya hana yatsu komai. Riga mai dogon hannu da wando mai kauri, in da hali jaket mai kariya a gwiwar hannu da kafaɗa. Launi mai haske ya fi baƙi, da dare kuma a ƙara riga mai ƙyalli. Duk wani tufa mai lilo a tattare shi, kada sarƙa ko wayar taya ta kama.

Mataki na uku: zagaya babur ɗin kafin ka tayar

Minti biyu sun isa. Fara da taya, domin abin da ke haɗa ka da ƙasa gaba ɗaya bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya. Auna iska da geji tun taya na da sanyi, ka bi adadin da kamfani ya rubuta a littafin babur ko a takardar da ke manne kusa da sarƙa. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. Duba zanen taya ko ya suɗe, ka nemi tsagewa a gefe. Akwai lambobi huɗu a jikin taya da ke faɗin ranar ƙira: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Roba na bushewa da shekaru ko da zanenta bai taɓu ba.

Matsa birkin gaba, taka na baya, ka tura babur ka ji kowanne ya kama. Kunna fitilar gaba, sigina da jar wutar birki. Sarƙa kada ta yi sako-sako, kada kuma ta ɗaure tamau, a sa mata mai. Murɗa totur ka saki, ka tabbatar yana komawa da kansa. Madubi biyu su kasance a wurinsu. Cire madubi don kwalliya cire wa kai ido ne.

Kai ma ka duba kanka. A binciken Hurt, kusan rabin haɗurran da aka rasa rai akwai barasa a ciki. Ƙwayoyin da ake sha don a kori gajiya, da magungunan mura masu sa gyangyaɗi, duk suna rage saurin hannu da ido. Barci da ɓacin rai ma haka. Waya kuwa ta zauna a aljihu har sai ka tsaya.

Mataki na huɗu: ɗauka cewa ba wanda ya gan ka

Nan ne ƙashin bayan maganar. Kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran da Hurt ya bincika karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga hanyar mai babur. Abin da direbobin ke faɗa bayan an yi ɓarna kusan ɗaya ne: wallahi ban gan shi ba. Da yawansu gaskiya suke faɗa. Idon direba motoci yake nema, babur kuwa siriri ne, ginshiƙin gilashin mota kaɗai na iya ɓoye shi. Ko an hango shi ma, da wuya a ƙiyasta gudunsa daidai, sai a ɗauka yana nesa alhali ya iso.

Mafi yawan wannan a mahaɗar hanya yake faruwa, musamman motar da ke tahowa ta gabanka tana son ta juya ta ƙetare layinka. Da ka hango mahaɗa, ko ƙofar gidan mai, ko wani lungu da mota za ta iya fitowa, sassauta totur ka ɗora yatsu biyu a kan birkin gaba. Kada ka dogara da fuskar direba. Mutum na iya kallon inda kake idonsa ya wuce ta kanka. Kalli tayar gaban motar. Ita ce ke fara nuna motsi, kuma ita ke faɗa maka inda motar ta dosa. Ka riƙa tambayar kanka: in ya fito yanzu, ina zan bi? In ba ka da amsa, gudunka ya yi yawa.

Bar fitilarka a kunne ko da rana. Ka zauna a inda direban da ke gabanka zai gan ka a madubinsa, kada ka lafe a gefen ƙofarsa ta baya. Tsakaninka da shi a samu tazarar aƙalla daƙiƙa biyu, uku ta fi: idan ya wuce wata alama a bakin hanya, fara ƙirga, kada ka iso ta kafin ka gama. Motocin da aka faka a gefe ka ba su faɗin ƙofa, domin ana buɗewa ba tare da an waiwaya ba. Kafin ka sauya layi, madubi, sigina, sannan ka juya kai ka duba da idonka.

Babbar mota da tirela suna da nasu hukunci. In ba ka ganin madubin direban, shi ma ba ya ganinka. Kada ka taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da bakin hanya lokacin da take shirin shan kwana. Takan buɗa waje kamar ta ba ka wuri, sai tayoyin baya su rufo su share inda kake tsaye.

Mataki na biyar: koya wa hannunka birki

Mahaya da yawa suna tsoron birkin gaba, wai yana wurga mutum. Alhali idan aka taka birki nauyin babur gaba yake komawa, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga tayar gaba yake fitowa. Hurt ya ga kuskure ɗaya yana maimaituwa: a danne birkin baya har taya ta ƙulle tana jan ƙasa, a bar na gaba ba a yi amfani da shi sosai ba. Abin da ke kayar da mutum shi ne cafkar birkin gaba lokaci guda. Daidai shi ne ka fara matsawa a hankali, ka ji gaban babur ya nutsa, sannan ka ƙara ƙarfi, kamar mai matse lemo, tare da ɗan taka na baya. Babur a miƙe, ido a gaba.

Karatu ba ya koyar da wannan. Nemi fili mai tsabta da babu motoci, ka sa alama a ƙasa, ka taho da gudun kilomita 20 ka tsaya a kanta. Maimaita sau goma, ka ƙara zuwa 30, sannan 40. Za ka ga tazarar tsayawarka a kowane gudu tana raguwa, tsoron kuma yana fita. Ka riƙa komawa duk bayan 'yan makonni, da duk lokacin da ka sauya babur. In za ka sayi sabo kuma akwai mai ABS, ɗauke shi. Na'ura ce da ke hana taya ƙullewa, har Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin baburan da girman injinsu ya haura 125cc.

Lissafin gudu kuma ba ya sassauta wa kowa. A kilomita 60 cikin sa'a kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa, wato kafin hannunka ya kai birki ka riga ka shafe tsawon motoci uku zuwa huɗu. In gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninkawa huɗu take yi.

Mataki na shida: kwana da santsi

Faɗuwata ta farko a kwana ce da na sha bi. Ranar yashi ya kwanta a gefenta, na shigo da gudu, na hango shi, na ƙura masa ido, na cafki birki babur na karkace. Ban ankara ba sai ji na yi ina jan ƙasa da gefen cinya, babur na gaba yana tartsatsi. Kurakurai uku na yi cikin ƙiftawar ido, kuma su ne darasin. Rage gudu tun kana miƙe, kafin ka shiga kwanar. Kalli mafita, inda kake son zuwa, domin babur ido yake bi. Wanda ya zuba wa rami ido cikinsa zai faɗa. Sannan ka riƙe totur daidai ba fizga har ka fita. Don karkatar da babur yana gudu, ɗan tura hannun ɓangaren da kake son bi gaba kaɗan: tura dama, ya kwanta dama. Da wannan ake kauce wa abu cikin gaggawa.

Ruwan sama ya fi santsi a farkon saukarsa, lokacin da ya taso da mai da ƙurar da suka taru a kwalta. Fentin layi, murfin ƙarfe da ɗigon bakin mai duk a guje musu, in ba makawa a haye su a miƙe ba tare da birki ba. Da dare kada gudunka ya wuce abin da za ka iya tsayawa a cikin hasken fitilarka.

In za ka yi goyo, mutum ɗaya, da tasa hular. Ka gaya masa ya ajiye ƙafa a matakai ko an tsaya, ya riƙe ka, ya bi jikinka a kwana. Nauyinsa zai ƙara maka tazarar birki, sai ka buɗa wa na gabanka fiye da yadda ka saba.

Idan an riga an faɗi

In kai ne ka tarar da wanda ya faɗi, fara da tare motocin da ke zuwa, ka kashe injin babur, ka kira agajin gaggawa. Kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ja shi da hannu da ƙafa, sai in barinsa a wurin ya fi haɗari, domin ƙashin wuya ko na baya na iya karyewa, motsi kuma ya ƙarasa lakar. Hular ma a bar ta a kansa, sai in ba ya numfashi ko amai na toshe masa maƙogwaro. A nan mutum biyu za su cire, ɗaya na riƙe da wuya kada ya motsa. Inda jini ke zuba a danne da ƙyalle mai tsabta, kada a ɗaga ana leƙawa. Kada a ba shi ruwa ko abinci, don mai yiwuwa a yi masa tiyata.

In kuma kai ne ka faɗi ka miƙe kana jin garau, kada ka yarda da wannan jin. Firgici na ɓoye ciwo, jini kuma na iya taruwa a cikin kai ko a ciki sannu a hankali. Je asibiti a duba ka, musamman in kanka ya bugu. Bayan an sallame ka, wani ya kwana kusa da kai, kuma in aka ga amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, barcin da ake shan wahalar tayar da kai, ko rauni a hannu ko ƙafa, a mayar da kai asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.