Kai da kake koci, waye naka kocin? Yadda za ka ci gaba da ƙara ilimi a sana'ar

Yanzu dai kowa ya buɗe Instagram ya rubuta laif koc, wato mai taya mutum tunani kan rayuwarsa da burinsa, a ƙasan sunansa shikenan ya zama koci, ba wanda zai tambaye shi takarda, don sana'ar ba irin likitanci ko lauyanci ba ce da sai hukuma ta yi maka rajista. Toh wannan sauƙin ne yake cutar mu. Ka yi kwas ɗin sati shida ta Zoom, ka samu mutum uku huɗu suna biyanka, sai ka miƙe ƙafa kana ta juya tambayoyi biyar ɗin nan da ka haddace har shekara uku. Ni ma na yi haka, sai ranar da wata baiwar Allah ta ce min "Malam ai wannan tambayar ka min ita wancan watan", wallahi kamar in nutse.

Fara da rubuta awowinka. Littafi ko Excel, duk zaman da ka yi ka sa kwanan wata, minti nawa, an biya ko kyauta ne. Ƙungiyar koci-koci ta duniya, ICF, da Thomas Leonard ya kafa a Amurka a 1995 da awowi take auna mutum: matakin farko ACC sai ka yi karatun awa 60 da zaman awa 100 da mutane, na tsakiya PCC awa 125 da zaman awa 500, na ƙoli MCC kuma awa 200 da zaman awa 2,500. Kuma ba wai ka karɓi satifiket ka rataye a falo ba ne, duk shekara 3 sai ka sabunta da ƙarin karatun awa 40, a ciki dole awa 3 su zama kan ɗa'ar aiki. Na san da dala ake biya kuma mun san halin da naira take ciki, ba dole ka yi rajista yau ba, amma ka ari tsarin nasu. Awa 40 a shekara 3 fa awa ɗaya da 'yan mintuna ne a wata, in ba ka iya wannan ba to gaskiya ba kuɗi ne matsalarka ba.

Sai abin da ya fi ciwo kuma ya fi amfani, ka ɗauki muryarka kana aiki. Ka nemi izinin mutumin tukuna, ka faɗa masa dalili, in ya ƙi ka haƙura. Bayan kwana biyu ka sa iyafis ka saurara da biro a hannu kana lissafin wa ya fi magana. Mu nan mun taso ne cikin nasiha, babba yana faɗa ƙarami yana gyaɗa kai, shi ya sa da yawanmu ba mu ankara sai mu koma masu wa'azi, mutum ya biya kuɗi don a taya shi tunani amma ya ƙare yana sauraron lacca. Lura da inda ka katse shi, da inda ya yi shiru kai kuma ka kasa jure shirun ka yi caraf ka cike wurin, da irin tambayar nan ta "ba ka ganin gara ka bar aikin?" wadda shawara ce kawai ta sa rigar tambaya. Ko tsarin GROW ɗin nan da John Whitmore ya yaɗa, buri, halin da ake ciki, zaɓi, sai matakin da za a ɗauka, za ka ji da kunnenka yadda kake tsallake na biyu kana gudu zuwa na huɗu. Zama ɗaya a wata ya isa, ka zaɓi aibi ɗaya ka yi ta fama da shi, kar ka ce duka za ka gyara lokaci guda.

Kuma ka samu wanda ya fi ka daɗewa a aikin ya riƙa duba ka. Ƙungiyar koci-koci ta Turai, EMCC, shawararta ita ce awa ɗaya ta irin wannan dubawar a duk awa 35 na aiki. In babu kuɗin biya ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi shi kamar adashi, wannan watan kai za ka kawo matsalar da ta cije maka, wata mai zuwa wani ne zai kawo tasa. Amma don Allah a cire suna, a cire unguwa da wurin aiki, garuruwanmu kowa ya san kowa, kana cewa matar wani ɗan kasuwa a Kwari an gane ta.

Ka koyi inda aikinka ya tsaya. Koci ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Wanda ya daina barci da cin abinci na makonni, ko yake maganar ya gaji da rayuwa, ko shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, ba jadawalin buri yake buƙata ba. Ka san hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ka kuma koyi yadda za ka faɗa masa ya je asibiti ba tare da ya ji kamar ka ce masa mahaukaci ba, wannan ma sai ka yi ta gwadawa da abokan adashin naka kafin ranar ta zo.

Kai kanka fa? Kana koya wa mutane tsara lokaci amma ƙarfe ɗayan dare kana amsa voyis not a WhatsApp, Hajiya ko Maigida na ta tsaki. Sa lokacin rufe waya ka sanar da kowa tun zaman farko. Kar ka jera zama biyar a rana ɗaya, na biyar ɗin gangar jikinka kawai zai samu. Duk kuɗin da ya shigo ka ware wani abu, ni ɗaya cikin goma nake cirewa, na littafi da data da kwas, a wani asusu daban da ba na cefane ba. Sannan ka je ka zauna a kujerar wanda ake yi wa tambaya, ka biya wani koci ko da zama uku ne a shekara, ka kai masa ainihin abin da ke damunka ba wanda zai sa ka fito fes ba.