Yadda ake zaɓo turare mai ƙamshin sabulun Irish Spring a Legas

Wanda ya saba wanka da koren sabulun nan na Irish Spring, na kamfanin Colgate-Palmolive, ya san ƙamshinsa ba ya nisa da mutum. Ka fito banɗaki fes kamar ɗanyar ciyawa, amma kafin danfo ya kai ka Obalende daga Agege zufa ta wanke komai. Akwai turarukan fesawa da ke riƙe wannan ƙamshi har yamma, sai dai zafi da laimar Legas suna sauya turare sosai, don haka a fata ake gwada shi, kuma sai an ba shi lokaci.

Da farko ka san abin da hancinka ke nema. Ƙamshin "sabulu" haɗi ne na abubuwa kamar huɗu: furen labanda, ɗan tsamin ɓawon lemo, ɗacin ɗanyen ganye, sai farin miski da ke zama a ƙarshe. Akwai kuma sinadarin dihydromyrcenol, mai sanyi kamar lemun tsami da labanda, wanda ake zuba shi da yawa a sabulai da garin wanki. Turarukan maza da ke da wannan zubi yawancinsu daga dangin fougère suke, dangin da ya samo suna daga Fougère Royale na gidan Houbigant a Faransa, shekarar 1882. Idan mai shago ya miƙo maka wani abu mai zaƙi kamar alewa, ko mai nauyin oud, to ba wannan layin ba ne, komai koren kwalbarsa.

Sai sunayen da za ka tambaya. Green Irish Tweed na Creed, wanda ya fito a 1985, shi aka fi kamantawa da sabulun: ya fi kowa ɗanyen ganye, kuma yana kwanciya da laushi, amma tsadarsa ba ta kowa ba ce. Tres Nuit na Armaf an yi shi ne a kan zubinsa da kuɗi kaɗan; farkonsa ya fi kaifi, sai bayan minti 20 kamannin ke fitowa. Cool Water na Davidoff, na 1988, ɗan uwansu ne na kusa, sai dai ya fi karkata ga na'a-na'a da iskar teku, kuma a ganina shi ya fi dacewa da ranar Legas. Wanda yake son ainihin ƙamshin kumfa, irin na shagon aski, ya nemi Paco Rabanne Pour Homme na 1973 ko Drakkar Noir na 1982. Grey Flannel na 1975 kuwa ɗacinsa na farko yana korar mutane da yawa, kada ka saye shi ba ka gwada ba.

Ranar gwaji ka yanki ɗan guntun sabulun ka naɗe a takarda, ka sa a aljihu. Hanci ba ya riƙe ƙamshi daidai, gara a shaƙi wannan a shaƙi wancan. Ka fita da safe, kada ka shafa komai mai ƙamshi. A kasuwar Trade Fair ko ta Balogun za a yi ta fesa maka kala-kala, amma bayan turare uku hancinka ya gaji, na huɗu da na biyar duk ɗaya za ka ji su. Fesa sau ɗaya a wuyan hannun dama, wani a na hagu, na uku a gwiwar hannu, ka bar su su bushe da kansu.

Daga nan sai jira, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke yin asara. Minti 10 na farko sifirit ne da lemo kawai ke tashi, kusan kowane turare daɗi yake yi a lokacin. Ka shaƙa bayan awa ɗaya, a nan labanda da ganyen ke bayyana, a nan za ka gwada shi da guntun sabulunka. Ka sake shaƙa bayan awa huɗu, bayan ka yi yawo ka yi zufa. Idan ya koma tsami ko ya zama kamar maganin goge tayil, fatarka ba ta karɓe shi ba. Idan ya bar ƙamshin wanki mai tsabta, ka same shi. Da yawan masu shago suna tsiyaya turare a ƙananan kwalabe na mililita 5 ko 10. Fara da wannan na mako guda kafin ka sayi babbar kwalba.

Jabu ya yi yawa, musamman ga sunayen da suka shahara. Duba lambar da ke ƙasan kwali ta yi daidai da ta gindin kwalba, rubutun ya fita tsaf, murfin ya zauna daram. Na jabu yakan buge ka da warin sifirit sannan ya ɓace da wuri. Creed da aka sayar maka a kuɗin Armaf ba Creed ba ne.

Mai son haɗawa da kansa zai iya sayen man turare da aka kwaikwayi Cool Water ko Green Irish Tweed. A kwalbar mililita 30, a auna mai mililita 6 da sirinji, a zuba etanol (sifirit ɗin da ake haɗa turare da shi) mai ƙarfin kashi 96, mililita 24. Wannan kashi 20 cikin 100 ke nan. A ta mililita 50, mai 10, etanol 40. A rufe sosai, a girgiza, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi na mako biyu, domin sabon haɗi warin sifirit yake yi. Idan ruwan ya yi fari kamar madara, akwai ruwa a cikin etanol ɗin ko kwalbar ba ta bushe ba. Idan ƙamshin ya fito da rauni, wataƙila an riga an tsinka man tun a shago, sai a ƙara mililita 2 a rage etanol daidai da haka. Kada a kuskura a yi amfani da sifirit na goge ciwo ko metanol, metanol guba ne kuma fata tana tsotsar sa. Wanda ba ya son turare mai sifirit, ya haɗa mai mililita 4 da sinadarin DPG (ruwa marar ƙamshi da ake tsinka man turare da shi) mililita 8 a kwalbar tola mai murzawa. Ba zai tashi ya cika ɗaki ba, amma yana daɗewa a jiki. A fara ɗiga kaɗan a hannu a kwana, in ya yi ƙaiƙayi ko ja a bar shi.

Wajen sakawa, feshi uku ya isa: ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, biyu a gefen wuya. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare, a fara shafa Vaseline marar ƙamshi kaɗan a wurin. Turaren mai yana barin tabo a farar shadda, a fata ake sa shi. Abin da ya fi kashe irin wannan ƙamshi a gidajenmu shi ne kayan da aka turara. Rigar da ta sha turaren wuta ko ta kwana kusa da humra za ta danne koren ƙamshin gaba ɗaya, sai a ɗauka turaren ne ba shi da ƙarfi. A ware masa riga biyu ko uku da aka wanke aka goge kawai. In kuma ka daina jin sa bayan awa biyu, tambayi na kusa da kai kafin ka ƙara, sau da yawa hancinka ne ya saba.

Kwalbar kuma kada ta zauna a mota ko a tagar da rana ke duka. Ɓangaren lemo da ganye su zafi ke fara lalatawa, kuma su ne ainihin abin da ka biya kuɗi dominsa. A mayar da ita cikin kwalinta a sa a durowa, nesa da banɗaki.