Yadda ake ɗora wa tsohuwar BMW E30 injin M50, ta kuma jure zafin Garwa

Wanda ya saba zaga garejojin Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya san su. Tsofaffin motocin gudu ne da aka jingine a gindin dalbejiya, taya ta sace, ƙura ta rufe gilashi: Peugeot 505 GTI, Toyota Celica, Golf GTI, da BMW E30 wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1994. Da yawansu jiki da sauransa, inji ne ya gaji. A kan E30 zan yi bayani, domin ita na fi sani, kuma sauya mata inji hanya ce da aka daɗe ana bi. Amma tsarin aikin ɗaya ne ko wace mota ce a hannunka.

Abin da Bature zai duba in zai zaɓi inji shi ne doki nawa yake ja. Mu a nan abu uku ne ke yanke hukunci kafin a zo maganar doki: zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, da irin fetur ɗin da muke zubawa.

Fara da jikin motar

Kafin ka kashe sefa ɗaya a kan inji, a ɗaga motar ko a kai ta kan rami. Yawancin motocin nan daga Beljiyam da Jamus suka zo, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe ta ƙasa. Ka soka sukundireba a ƙarƙashin ƙofofi, wurin da ake kafa jak, mazaunin batir, da kan tudun da shokozoba ke ɗaure. In ƙarfe yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa a inda ƙafafun mota suke riƙe, ka haƙura da ita. Ka auna tazarar taya ta gaba da ta baya a kowane gefe. In sun saɓa, ta taɓa cin karo an miƙe ta.

Zaɓen inji

E30 ta zo da injuna iri-iri. 318i mai silinda huɗu dokinta bai wuce 115 ba, 320i tana da 129, 325i kuma 170. Injin da ake ɗora mata shi ne M50 mai lita 2.5, silinda shida, bawul 24, doki 192, wanda ya fito a 1990 a cikin wasu samfuran BMW biyu, 525i ta E34 da 325i ta E36. Da sarƙa yake aiki, ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke a tsakiyar daji tsakanin Figil da Marwa.

Mai sayarwa zai ce maka ga M52, ƙanen M50 ne, ya fi shi sabunta. Kada ka yi saurin miƙa hannu. Gangar M50 baƙin ƙarfe ce. M52 na farko da aka sayar a Turai gangarsa alminiyom ce, an shafe cikin silinda da wani sinadari mai suna Nikasil, kuma fetur mai yawan farar wuta yana cinye wannan shafin har inji ya daina matse iska. Sai wajen 1998 kamfanin ya koma sa hannun riga na ƙarfe. To kai da wata rana tilas za ta sa ka sayi zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a kwalba a bakin hanya, wa ya auna maka abin da ke cikinsa? Ga kuma matsala ta biyu: daga 1995 BMW ta ƙulla inji da makulli ta hanyar na'urar hana sata mai suna EWS. In ka sayi irin wannan ba tare da makullinsa da akwatinsa ba, sai dai sitata ta yi ta juyi.

M50 kansa kala biyu ne. Na farko, 1990 zuwa 1992, ba shi da VANOS, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul. Na bayansa yana da ita, ya fi ja a ƙasa. Duka biyun suna yi. In mai VANOS ne, ka duba ƙwaƙwalwar injin, wadda kanikawanmu ke kira kalkulata: Bosch mai lamba da ta ƙare da 413 kuma mai jar takarda ba ta neman EWS.

Sayen injin, inda aka fi cin mutane

Ko daga kasuwar kayan gyara ta Kam Yabasi a Duwala zai taso a biyo da shi Gaundare, ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a shigo da shi ta Yola, ƙa'idar ɗaya ce: kada ka sayi inji tsirara. Ni na yi wannan kuskuren. Na biya kuɗin inji a waya, ya iso a ɗaure a kan tsohuwar taya, fes da shi, an wanke shi da kananzir. Maigidan garejinmu ya zaga shi sau biyu ya ce, "Ɗana, ina wayoyinsa?" An datse su da almakashi a gindin bango. Wata huɗu na yi ina farautar wayoyi da kalkulata da na'urar auna iska, kuɗin da suka ci ya kusa kamo na injin.

Don haka ka lissafa wa mai sayarwa, a rubuce: inji, cikakkun wayoyinsa ba a yanke ba, kalkulata, na'urar auna iska da robarta, kwayil shida, sitata, altaneta, famfon sitiyari, hannuwan alminiyom da inji ke zama a kansu, bakin salansa, da giyabos in da hali. Mafi alheri ka samu motar da ta yi haɗari ta baya ka saye ta gaba ɗaya, ka ji injin yana aiki kafin a sauke shi.

In an riga an sauke, a haɗa batir a auna matsin kowace silinda. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa. In ka ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai, gasket ya ƙone ko kan silinda ya tsage. Ka zare fulogi ka jera su. Wanda ya fi 'yan'uwansa tsabta sosai, ruwa ke wanke shi. Kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da takardar kwastan. Hanyarmu shingaye ne.

Aikin da ake yi tun inji yana ƙasa

Nan ne mai gaggawa ke cutar kansa. Kaskon baƙin mai na E36 tulunsa a baya yake, zai zauna a kan gadar da ke riƙe da sitiyarin E30. Sai an sa na 525i ta E34 mai tulu a gaba, tare da bututun tsotson mai da sandar auna mai nasa. Tunda kasko a buɗe yake, a duba noti ɗin da ke riƙe da haƙorin famfon mai. An san shi da kwancewa in ana yawan kai inji ƙarshen gudu, kuma in ya kwance mai ya daina zagayawa nan take. Zarensa na hagu ne. A sa masa gam ɗin noti a ɗaure.

Famfon ruwa na asali fiffikensa roba ne, yana farfashewa da tsufa. A sauya da mai fiffiken ƙarfe. A sa sabon tamostat. Na san al'adarmu ta cire tamostat a jefar wai ƙasarmu da zafi, amma inji mai kalkulata in bai kai zafinsa ba sai ya yi ta ɗura fetur, ya wanke silinda, ya baƙanta fulogi. A sauya silin bayan karanshaf, gasket ɗin murfin bawul, da duk tiyon ruwa da ke ƙarƙashin bututun shan iska, domin in inji ya hau hannu ba ya kaiwa can. A kuma ɗaura na'urar auna zafi ta E30 a kan silinda, in ba haka ba allurar dashbod ƙarya za ta riƙa yi maka.

Ɗorawa

Ka ɗauki hoton kowace waya da tiyo kafin a sauke tsohon inji, ka manna musu takarda. Sabon yana zama a kan hannuwan E36 da robobi masu tauri. Motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, don haka abin da zai tokare shi ne tulun da ke ƙara wa birki ƙarfi, wato sabo (servo), wanda ke gogar bututun shan iska. Ana sa ƙarami, irin na Porsche 944 ko na 325iX, ko a matsar da na asali kaɗan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire tulun gaba ɗaya don inji ya samu wuri.

Giyabos zaɓi biyu ne. Getrag 260 na E30 mai silinda shida yana ɗauruwa, sai dai yana karkacewa kamar digiri goma, sai an gyara mazauninsa da sandar giya. Na E36 yana zama daidai, amma giyarsa ta biyar ɗaya-da-ɗaya ce, ba ta rage wa inji juyi. In ka haɗa shi da difaransiyal ɗin 318i mai rabo huɗu da ɗoriya, kafin ka kai Ngong inji na kururuwa, tanki na zuƙewa. Ka nemi babban difaransiyal mai rabo kusa da 3.15 ko 3.25, ƙaramin na mai silinda huɗu ma ba ya daɗewa a hannun doki 192. Farfela kuwa, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa difaransiyal, in tsawonta bai yi ba, a kai wa mai injin tona ya yanke ya daidaita. Wadda aka yi wa walda da ido a bakin titi za ta girgiza motar har ta ci roba da beyarin.

Wayoyi ba su kai yadda ake tsoronsu ba. E30 ta shekarun ƙarshe tana da soket mai zagaye, C101, mai ƙafa 20. Na E36 ƙafa 25 ne. Aikin shi ne a haɗa wutar makulli, sitata, famfon fetur, cajin batir, fitilar mai, allurar zafi da ta juyin inji. Ka samo zanen wayoyin motocin biyu ka ba mai lantarkin da ya iya karanta shi, a yi da dalma da robar rufi, ba murɗe-murɗe da salatif ba. Wayar ƙasa tsakanin inji da jiki ta zama mai kauri.

Sanyaya, iska da fetur

Sabon lagireto, ba wanda aka toshe da sabulu ba. M50 ya fi tsohon cika wuri, fankar da inji ke juyawa da wuya ta samu gurbi, sai a sa babbar fankar lantarki a gaban lagireto da rile da fiyus nata, tana tashi da kanta. A zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa a bututu, a hankali ya toshe lagireto.

Matasa suna son buɗaɗɗen matacin iska mai siffar mazurari saboda gurnaninsa. A hunturu wannan gurnani kuɗin ringi ne. Ka bar akwatin asali da matacin takarda, ka riƙa sauyawa. Ta ɓangaren mai, M50 yana son matsin fetur na bar 3.5, don haka a sa sabon famfo da sabon mataci, a sauke tanki a wanke tsatsar shekara talatin. Injin yana matse iska sau goma ko fiye. Gurɓataccen fetur yana sa shi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In ka ji haka, ɗaga ƙafa.

Turbo da sauya manhajar kalkulata, a bar su sai motar ta ga bazara guda ba ta tafasa ba.

Birki da ƙafafu

Ƙananan E30 da yawa birkin ganga ne a bayansu. A ɗauko hannuwan baya na 325i masu faifai, a sa faifai mai huda iska a gaba, sabbin tiyo, da man birki DOT 4. A sauya duk robobin ƙafa, rana ta riga ta gasa su. Taya okaziyon, wato ta hannu, kuwa ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: mako da shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara shida, komai kyan zanenta, kwaltar azahar za ta iya fasa ta. Kada ka sauke motar ƙasa don ado. Kaskon nan na E34 shi ne mafi kusa da ƙasa a gaba, tudun rage gudu ɗaya ya ishe shi. A yi masa garkuwar ƙarfe.

Takardu

Katin mota, kart giriz, yana ɗauke da ƙarfin inji, kuma a kansa ake lissafin inshora da vinyet, wato harajin mota. Ka je ofishin sufuri na yanki da rasit ɗin inji a gyara, ka kai ta bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota, ka sanar da mai inshora. In aka yi haɗari aka tarar da silinda shida inda takarda ta ce huɗu, kai kaɗai za ka ɗauki nauyi.

Tashin farko

A cire fiyus ɗin famfon fetur a juya inji har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar a tayar. A bar shi a tsaye, a buɗe hita, a fitar da iskar da ke cikin ruwa, a jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. A leƙa ƙasa da tocila. Fitar farko da sassafe, ba ranar ɗaurin aure ba, ba cikin 'yan babur ba: daga Garwa zuwa Pitowa a dawo, a hankali, da bakanike a gefe da kwalbar kashe wuta. A dawo a sake bin kowane noti na inji, farfela da ƙafa. Bayan kilomita dubu a juye baƙin mai a duba ko akwai garin ƙarfe. In ya fito tsaf, sai a jira rana mai zafi a nufi Gaundare, a hau dutsen Falez a giya ta uku, ido a kan allurar zafi har a kai sama.